Ina Kuɗin Fanshon Ma'aikatan Jiragen Sama Suke Kwana?

Da Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya, watau Nigeria Airways, ya durƙushe cikin 2003, dubban ma'aikatansa suka wayi gari ba aiki, fanshonsu kuwa alkawari ne kawai a bakin kamfani. An yi ta kai gwauro ana kai mari har 2018, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta amince da sakin Naira miliyan dubu 22 da ɗoriya, kimanin rabin ragowar hakkinsu. Kafin nan da dama sun riga mu gidan gaskiya.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 bisa ɗari na albashinsa, kamfani kashi 10, a asusu mai sunan ma'aikacin, Hukumar PenCom da ke Abuja tana sa ido. Akasarin kuɗin gwamnati ake ranta wa. Tun 2018, wanda bai kai shekara 50 ba yana iya neman Asusu na Ɗaya, inda hannun jari ya fi yawa, riba da hasara duka.

Amma fa matuƙi ko makaniki ya riƙa duba takardar asusunsa. Doka ta ba kamfani kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya zuba kuɗin, kuma ba kowane kamfani ke cikawa ba.