Rufi ɗaya, mita da yawa: Yadda Ostireliya ke kai wutar sola ga mazauna benaye

A Ostireliya, kusan gida ɗaya cikin kowane uku na da farantan sola a kan rufinsa, kuma a ƙarshen 2024 adadin waɗanda aka kafa ya kai miliyan huɗu. Sai dai mafi yawan mazauna benaye masu gidaje da yawa ba su ci moriyar wannan ci gaba ba, duk da cewa ƙidayar 2021 ta nuna sun haura mutum miliyan 2.5.

Rana dai ba ta yi ƙaranci ba, rufin ne matsalar. A irin waɗannan benaye rufi na kowa ne, don haka sai ƙungiyar masu gidajen ta zauna ta kaɗa ƙuri'a kafin a ɗora ko da faranti ɗaya. Ga shi kuma kowane gida da mitarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne batun haya: mai gida ne zai kashe kuɗin, ɗan haya ne zai ga sauƙin kuɗin wuta. Mai gidan da ke zaune a wata unguwa ba shi da dalilin gaggawa.

Wannan ne ya sa gwamnatin tarayya ta ware kimanin dalar Ostireliya miliyan 100 domin samar da sola ta haɗaka ga gidaje 25,000, tare da haɗin gwiwar jihohi. A jihar Victoria, shirin da aka buɗe a 2024 ya tanadi tallafin da ya kai dala 2,800 ga kowane gida, iyakar dala 140,000 ga bene guda. A New South Wales, inda birnin Sydney yake, shirin da gwamnati ta buɗe a 2025 ya tanadi biyan kusan rabin kuɗin aikin, har zuwa dala 150,000. Tun a 2021 jihar ta sassauta dokarta, ta yadda rinjaye mai sauƙi ya isa a amince da aiki irin wannan.

Batun mita kuwa, wani kamfani a Melbourne mai suna Allume Energy ya ƙera na'urar SolShare, wadda ke karɓar wuta daga farantan da ke kan rufi ta rarraba wa gidajen da ke ƙasa. Kowa na ci gaba da hulɗa da kamfanin wutarsa, sai dai abin da yake saya da rana ya ragu.

Amma tallafin ya fi dacewa da benaye ƙanana da matsakaita. A dogayen gine-ginen tsakiyar Sydney da Melbourne, ɗaruruwan gidaje ne ƙarƙashin ɗan rufin da na'urorin sanyaya ɗaki da tankuna suka riga suka cinye, kuma shirin Victoria bai shafi benen da ya wuce gidaje 50 ba.