Kafin Ka Sayi Keke: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure da bayan ɗaki suka fara fitowa ana karkaɗe musu ƙura. Malamin makaranta, ɗalibi, mai gadi, mai kai kaya kasuwa, har da ma'aikacin da ya saba da babur, da yawa sun koma taka feda. Kasuwa kuma ta cika da kaya: ga sababbi masu sheƙi a cikin leda, ga na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Japan. Mai saye kan tsaya a tsakiyarsu bai san ta inda zai fara ba, sai ya kama wanda ya fi ɗaukar ido ko wanda ya fi araha. Ta waɗannan hanyoyi biyu ne mafi yawan mutane ke asarar kuɗinsu.

Tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce. Wane aiki keken zai yi maka, kuma a kan wace irin hanya? Mai ɗora buhun masara ko jarkokin ruwa daga ƙauye zuwa gari buƙatarsa daban take da ta yaron da zai riƙa zuwa makaranta a kan kwalta. Mai ɗaukar kaya har gobe babu abin da ya kai masa tsohon samfurin nan baƙi, mai taya inci 28, mai birkin sandar ƙarfe da kariya mai faɗi. Shi ne irin wanda kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya yi suna da shi, har ya taɓa kafa masana'anta a Kano, daga baya Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana a Indiya suka cika kasuwa da irinsa. Yana da nauyi, ba shi da giya, kuma birkinsa kan yi sanyi idan ruwan sama ya jiƙa rim. Amma ƙarfe ne zalla, kowane mai walda zai iya ɗinke shi, kuma da wuya ka shiga ƙauyen da mai gyara bai san cikinsa da wajensa ba.

Sai dai a kiyaye da suna. Raleigh ya daina ƙera kekuna a Nottingham tun farkon shekarun 2000, kuma tambarin da ake liƙawa a goshin keke ba shi da wuyar bugawa. Sunan da kakanninmu suka yarda da shi ba zai ɗauki buhu ba, ƙarfen da ke ƙarƙashin fenti ne zai ɗauka.

Matasa kuwa hankalinsu ya fi karkata ga keken hawan dutse, mai taya inci 26 mai kauri da giyoyi barkatai. Mai kyau daga cikinsu abin so ne, domin tayarsa tana jure rairayi da burji, kuma tsidau ba ya huda ta da sauƙi irin yadda yake yi wa siririyar taya. Matsalar tana wajen masu araha da ake yi wa ado don su yi kama da na tsada: sifirin a gaba, sifirin a tsakiya, birkin faifai, giya 21. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma idan aka tara su duka a keke mai rahusa, to an rage ingancin kowannensu ke nan. Sifirin na tsakiya yana shanye ƙarfin da kake takawa, yana ƙara nauyi, bayan 'yan watanni kuma ya fara ƙara da girgiɗi. Giya tana da amfani ga mai hawa tudu a Jos ko Abuja. Wanda zirga-zirgarsa ke cikin Kano ko Maiduguri, inda ƙasa take a shimfiɗe, zai iya shekara bai taɓa ta ba, amma gyaranta ba zai ƙyale shi ba. A ganina, idan kuɗinka kaɗan ne, gara keke marar tarkace wanda aka ƙera da kyau.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a nan ne darajar keke take. Kafin ka je wurin mai sayarwa, ka fara zuwa wurin mai gyaran keke na unguwarku. Tambaye shi wane irin keke ne ake samun tayarsa da tif ɗinsa da sarƙarsa da boris ɗinsa a nan kusa, wane iri ne kuma ke kwana a rumfarsa ana jiran kaya daga nesa. Kekunan hannu na waje sau da yawa sun fi sababbi masu araha inganci nesa ba kusa ba, amma wasunsu suna zuwa da awon da ba a saba da shi ba. Lambar inci da ke jikin taya ba ta isa shaida ba. Tayar tsohon baƙin keke ana kiranta 28, faɗin rim ɗinta milimita 635 ne. Tayar kekunan Turai da yawa ita ma ana rubuta mata 28, alhali milimita 622 ce, kuma ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya. Haka 26 ta keken dutse milimita 559 ce, ta kekunan cefane na Japan kuwa 590. Wannan lamba tana nan a rubuce a gefen taya, a bayan wata ƙaramar lamba da ɗan layi, misali 40-635 ko 37-590. Ka rubuta ta, ka nuna wa mai sayar da kayan gyara kafin ka biya kuɗin keke. Bawul ma iri uku ne: na tsohon keke, da irin na mota, da wani siriri na kekunan tsere wanda ba kowane mai faci ke da bakin famfonsa ba.

In da hali, ka tafi kasuwar da mai gyaran nan, ka biya shi ladan rakiya. Abin da zai gano cikin minti biyar zai fi abin da ka ba shi.

Idan kuma kai kaɗai ne, fara da firam, wato gangar jikin keken, domin duk sauran kayan ana iya canza su, shi kuwa in ya lalace keken ya tashi aiki. Duba mahaɗar bututu, musamman bayan wuya da wajen da feda ke juyawa. Fenti da ya tattare ko ya tsattsage a bayan wuya alama ce ta keken ya taɓa yin karo. Sabon fenti a kan tsohon keke ya kamata ya sa ka ƙara zuba ido, don a ƙarƙashinsa ake ɓoye tsatsa da walda. Tsaya a gaba ka hango tayoyin biyu, su kasance a layi ɗaya. Ka riƙe ɗan mayen ƙarfe a aljihu: in ya kama firam, ƙarfe ne, in bai kama ba, galibi alminiyam ne. Alminiyam ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, amma in ya tsage ba kowane mai walda ke iya masa ba, kuma tsagewarsa ba abin wasa ba ce ga mai hawa.

Daga nan ɗaga kowace taya ka juya ta, kana kallon tazarar da ke tsakanin rim da robar birki. In rim yana kaiwa yana komowa, ya karkace. Ɗan kaɗan mai gyara zai daidaita shi, mai yawa kuwa sai sabo. Matsa sifok biyu-biyu da yatsu ka ji ko akwai sako-sako ko karyayye. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, ka yi wa hannun feda haka, sannan ka danne birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Duk inda ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci ko ya kwance. Sarƙa kuma tana da awo: kowace gaɓa rabin inci ce, saboda haka gaɓa 24 inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta gama aiki, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran da take hawa. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe guda suna gaya maka cewa kuɗin sarƙa da firiwil na jiranka, sai ka cire shi daga farashi tun wurin ciniki.

Kada ka biya ba ka hau ba. Keken da ya yi maka girma ko ƙanƙanta zai sa maka ciwon gwiwa da baya komai kyansa. Ka tsaya da shi a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ya zama akwai 'yar tazara tsakaninka da sandar sama. Ka zauna a sirdi ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. A jikin sandar sirdi akwai layin da ke nuna iyakar inda ake jawo ta, in sai ka wuce shi kafin tsayin ya yi maka, keken ya yi maka kaɗan. Iyaye masu saya wa yaro babban keke wai don ya girma da shi su sake tunani, domin yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, yatsunsa kuma ba su kai birki ba, shi ne ke faɗawa gaban mota. Mace ko dattijo mai doguwar riga zai fi sakewa da keke marar sandar sama mai murfin sarƙa.

Wajen kuɗi, Hausawa sun riga sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Lissafin ba shi da wuya. A ce kana kashe naira 1,000 kullum a Adaidaita Sahu, kwana 26 a wata, naira 26,000 ke nan. Raba farashin keken da wannan, za ka ga wata nawa zai yi kafin ya biya kansa. Sannan ka ɗora abin da za ka kashe nan take: taya, robar birki, makulli, fitila, ƙararrawa, da kariya in babu. Da haka za ka ga keken da aka rage maka kuɗi amma yana neman tayoyi biyu da sarƙa ya fi wanda ke gefensa tsada. Ka tuna da ranar sayarwa ma, domin keken da aka san irinsa a gari yana riƙe darajarsa, baƙon samfuri kuwa sai an yi ta neman mai so.

Keken hannu da aka karya masa farashi fiye da kima, mai shi kuma yana gaggawa, abin gudu ne, don kekunan sata suna yawo. Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin firam, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Kifa keken ka karanta ta. In an kankare ta, ka bar shi. In tana nan, a rubuta ta a rasit tare da sunan mai sayarwa, a gaban shaida ko dillalin da aka sani a kasuwar.

Sabon keke ma kada ka ɗauka ya gama shiri. A kwali yake zuwa, a kasuwa ake haɗa shi, sau da yawa cikin sauri kuma da ƙarancin giris. Ka kai shi wurin mai gyara ya buɗe boris na tayoyi da na feda da na wuya ya cika su da giris, ya ɗaure kowane noti. Bayan mako biyu ko uku kana hawa, ka mayar da shi a sake ɗaure sifok da wayar birki, domin a wannan lokacin ne suke saki.