Tsakanin Ganye da Allura: Bayani a kan Sankarar Jini

Da yake a 'yan shekarun nan labarai sun yawaita, a rediyo da wayoyin hannu da kuma bakin masu tallar magani da lasifika a kasuwanni, cewa masana sun gano wane ganye ko wace saiwa tana kashe sankarar jini, ya kamata a tsaya a warware wa jama'a wannan mas'ala, domin maganar akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar nan ita ce ke sa ƙaryar da aka cuɗanya da ita ta sami shiga.

Sankarar jini cuta ce da ke farawa a cikin ɓargo, inda ake halittar jini, sai fararen ƙwayoyin jini waɗanda ba su nuna ba su riƙa hayayyafa ba ƙaidi, har su danne masu lafiya. Daga nan sai a ga mutum ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sakinsa, dasashi na zubar da jini, ƙasusuwa na ciwo, kaluluwa ta fito ko saifa ta kumbura. Saboda waɗannan alamomi sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da taifot, sau da yawa akan shafe watanni ana maganin abin da ba shi ne ba, alhali gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, shi ne matakin farko na tahakiki.

To, hakika ne cewa daga tsiro aka samo ɗaya daga cikin manyan magungunan wannan cuta. Akwai wani fure ɗan asalin tsibirin Madagaska, mai launin fari ko ruwan hoda, wanda ake shukawa don ado har a gidajenmu, masana na kiransa Catharanthus roseus. Mutanen Jamaika sun kasance suna shan ganyensa don ciwon sukari, kuma a kan wannan dalili ne Robert Noble da Charles Beer na Jami'ar Western Ontario a Kanada suka shiga bincikensa. Ba su sami maganin sukarin ba, amma sai suka lura cewa ruwan ganyen yana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen da aka yi wa allurarsa, har a 1958 suka bayyana sinadarin da ake kira vinblastine. Ɗan'uwansa vincristine, wanda kamfanin Eli Lilly ya fitar, ya sami izini a Amurka a 1963. Aikinsa shi ne hana ƙwayar halitta rabuwa biyu, ta hanyar lalata zaruruwan da take jan kayan gadonta da su, kuma tun da ƙwayoyin sankara sun fi yawancin sauran gaggawar rabuwa, su suka fi jin jiki. Da aka haɗa shi da wasu magunguna, nau'in sankarar jinin da ya fi kama yara, wanda a da ƙasa da yaro 1 cikin 10 ke tsira daga gare shi, ya zama a ƙasashe masu wadata kusan 9 cikin 10 suna rayuwa. Mu ma nan mun ci moriyarsa, domin yana cikin magungunan kumburin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya siffanta a Yuganda a 1958, cutar da ta fi yawa a ƙasashen sauro irin namu.

Sai dai wanda ya ji wannan ya ce ashe dafa ganyen ya wadatar, ya yi abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, wato ƙiyasin da ba ya inganta. Ganyen nan yana ɗauke da sinadarai fiye da 100, kuma sai an tace kimanin kilo 500 na busasshensa kafin a sami giram 1 na vinblastine. Shi kuwa vincristine, abin da ake ba babban mutum a lokaci guda galibi ba ya wuce miligiram 2, ta jijiya kaɗai, da awo gwargwadon girman jikinsa, kuma duk da wannan taka-tsantsan yakan kawo mutuwar yatsu da taurin ciki. Tukunya ba ta da wannan mizani: ko dai ta ba da abin da bai kai ya taɓa cutar ba, ko ta ba da dafi.

Haka nan batun habbatus sauda da kurkur da zogale. An gwada sinadaransu a kan ƙwayoyin sankara cikin kwanon ɗakin bincike, an kuma ga sun kashe wasu, amma ai ruwan zafi ma yana kashe su a cikin kwano. Hujjar da ake bukata ita ce a jarraba abu a jikin marasa lafiya masu yawa, a kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba, kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya tsallake wannan mataki a matsayin maganin sankarar jini. Amfaninsu a abinci ba a musunsa. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya kuwa, galibi shaida ce cewa an duba rashin cutarwarsa, ba tabbacin yana warkarwa ba.

Wanda yake kan magani a asibiti, lalle ya faɗa wa likitansa duk wani jiƙo ko gari da yake sha, ba tare da jin kunya ba, saboda wasu tsirrai na rage ƙarfin magani: ganyen Turai da ake kira St John's wort, alal misali, yana sa hanta ta gaggauta fitar da imatinib, ƙwayar da masu wani nau'in sankarar jini mai daɗewa ke sha kullum. Wanda kuma ɗansa ya yi mako biyu yana zazzaɓi da ɗashewa bayan an yi maganin sauro, ya nemi a ƙidaya masa jini kafin ya sayi kowace kwalba, domin nau'in nan na yara a cikin makonni yake tsananta, ba shekaru ba.