Annobar Korona da Matasan Kwarin Rima: Cutar da Ba Ta Tsaya a Huhu Ba

Ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya. A cikin makon nan ne kuma dubban masunta suka faɗa kogin Matan Fada a Argungu da homa da gora, bayan an yi kimanin shekara goma ba a yi bikin kamun kifi ba. Samari da 'yan mata suka cika gari maƙil. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu a duk faɗin Nijeriya. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a watan Agusta don jarrabawa, sauran kuwa sai wajen Oktoba.

Ƙwayar cutar korona ta numfashi take bi, ta sauka a maƙogwaro da huhu, kuma tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini ta fi kayarwa. Yawancin matasan da suka kamu ba su wuce zazzaɓi da tari ba. To, ina ruwan wannan cuta da zance da aure da lafiyar haihuwa? Amsar ita ce, ɓarnar da ta yi wa matasa ta biyo ne ta ƙofar makaranta da ta asibiti.

Daga ranar 4 ga Mayu, 2020, aka kafa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, watau daidai lokacin da saurayi kan tafi zance bayan sallar isha'i. Hira ta koma cikin waya. Zance a ƙofar gida yana da masu gadinsa, ga ƙanne suna kai da komo, ga maƙwabta, ga uwa tana aiko da kira idan dare ya soma yi. WhatsApp ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, hoton da aka aika kuwa ba ya dawowa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne zaman gida na wata shida. A karkarar Argungu da Birnin Kebbi yaro namiji ya bi ubansa fadamar shinkafa. Yarinya kuwa talla ta ɗauka, ko kuma aka soma maganar aurenta, tun da ba wanda ya san ranar komawa aji, ga abinci ya yi tsada, ga hana taro ya rage ɗawainiyar biki. A watan Maris na 2021 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa annobar ta jefa ƙarin yara mata miliyan 10 a duniya cikin haɗarin auren wuri kafin shekarar 2030. An ga irin wannan a Saliyo lokacin cutar Ebola a 2014 da 2015, inda aka rufe makarantu wata da watanni, dubban 'yan mata suka ɗauki ciki.

A nan ne ilmin halittu yake da abin faɗa. Yarinya kan fara jinin al'ada tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba, domin girman ƙugu yana ci gaba shekaru bayan haka. Idan naƙuda ta zo kan jariri ya kasa wucewa, sai ya danne tsokar da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina kaiwa wurin, tsokar ta mutu, bayan 'yan kwanaki ta faɗi ta bar kafa. Wannan shi ne yoyon fitsari, wanda cibiyar Gesse a Birnin Kebbi ta daɗe tana ɗinkewa. Gaskiya ne babbar mace ma tana iya samunsa, gama asalinsa doguwar naƙuda ce da ba a yi wa tiyata da wuri ba. Sai dai a shekarar da mota ta yi wuya, mutane kuma suna gudun asibiti don tsoron a ce suna da korona a killace su, ƙuruciya da jinkiri sun haɗu a kan mutum ɗaya.

Akwai kuma tsohuwar annoba da sabuwar ta tarar, watau ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6 ne. Adadin kaɗan ne, amma binciken ya nuna mata masu shekara 20 zuwa 24 sun ninka maza tsaransu fiye da sau uku. Ɗaya daga cikin dalilan yana bakin mahaifa: a jikin budurwa, fata mai laushi ta cikin mahaifa takan leƙo waje, ƙwayoyin ciwon sanyi da na ƙanjamau sun fi samun sauƙin kutsa ta. Wani dalilin shi ne tazarar shekaru, domin namijin da ya girme ta da yawa ya fi daɗewa cikin haɗarin kamuwa.

Maganin ƙanjamau ba ya kashe ƙwayar, danne ta yake yi har ta kasa yaɗuwa zuwa abokin zama. Da zarar an daina sha, cikin makonni kaɗan za ta sake cika jini, wani lokaci ma ta daina jin maganin. Shi ya sa asibitoci suka riƙa ba da na wata uku ko shida a lokaci guda. Wannan dabara ta ceci masu shan magani, amma ba ta kai ga wanda bai san yana da cutar ba. Asusun Global Fund ya ba da rahoton cewa gwajin ƙanjamau ya ragu da kashi 22 cikin 100 a 2020 a ƙasashen da yake tallafa wa.

Da allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya a Maris na 2021, sai jita-jita ta riga ta shiga gari, wai tana hana haihuwa, kamar yadda aka ce game da ta shan-inna a 2003. Bincike bai samu haka ba. Abin da aka gani shi ne al'adar wasu mata ta yi jinkirin da bai kai kwana ɗaya ba bisa matsakaici, ta kuma koma daidai. Abin mamaki, cutar kanta ce ke taɓa maza: zazzaɓi mai zafi yana rage ƙwayoyin maniyyi, tun da 'ya'yan maraina sun fi aiki da ɗumin da bai kai na jiki ba. Ƙirar sababbin ƙwayoyi tana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi, daga nan galibi adadin ya farfaɗo.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa daga kan korona. A watan Oktoba na wannan shekarar Nijeriya ta fara yi wa yara mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa, ma'aikatan lafiya kuma suka sake cin karo da tsohuwar maganar hana haihuwa.