DAƁEN SIMINTI MAI SHEƘI: ABIN DA YA KAMATA MAI GIDA DA MAGINI SU SANI

Tun kafin siminti ya iso ƙasar nan mutanenmu sun san daɓe. Mata kan taru su baza tsakuwa da jar ƙasa, su yi ta bugu da madaɓi, sa'an nan su yayyafa makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasan ɗaki ya yi tauri yana ƙyalli. Siminti ya karɓe wannan aiki a birane, musamman bayan da masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Amma fa buƙatar ba ta sāke ba: ana son daɓen da ba ya tā da ƙura, ba ya riƙe dauɗa, ba ya zama maɓoyar ƙwari.

Wannan ba zancen ado kaɗai ba ne. A ƙasar Meziko, daga shekarar 2000, hukuma ta riƙa zuba wa talakawa daɓen siminti a ɗakunansu. Da masana suka bincika, sai suka tarar gudawa a tsakanin ƙananan yara ta ragu da kusan rabi a gidajen da aka daɓe sarai. Yaro mai rarrafe a ƙasa yake yini, abin da ke ƙasa kuwa shi ke zuwa bakinsa.

A ɗauki garin Mubi na Jihar Adamawa a yi misali. Gari ne na kasuwa kusa da iyakar Kamaru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Jihar da aka kafa a 2002. Saboda haka ana gina kantuna da ɗakunan haya na ɗalibai da yawa, sau da yawa kuwa cikin gaggawa. Daɓen gaggawa, kafin shekara biyu, sai ka ga yana tsattsagewa, tsintsiya tana kwaso gari kullum safiya. Irin wannan daɓe, ko wane inji aka kawo, ba zai yi sheƙi ba.

Daga wurin kwaɓi ake farawa

Lalle ne yashi ya zama mai tsabta. Ko daga rafin Yedzaram aka ɗebo shi ko daga wani wuri, a gwada: a zuba kaɗan a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwanta. In taɓo ya taru da kauri a bisa yashin, to a wanke shi ko a nemi wani.

Ga kankaren ƙasa, buhu ɗaya na siminti mai kilo 50 yana ɗaukar kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Ruwa kuwa kada ya wuce misalin lita 25, watau jarka guda. A nan ne akasarin ɓarna take. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin bazawa, amma ruwan da ya yi yawa yakan fita ya bar ƙananan ramuka, daɓen ya zama mai rauni. Kafin a zuba, a kirɓe ƙasa sosai, a shimfiɗa leda mai kauri don tare danshin damina. Kaurin kankare ya kai inci 4. A babban kanti ko zaure, a tsaga layi kowane mita 3 ko kusa da haka, domin siminti yana tsukewa in yana bushewa, gara ya tsage inda aka shirya masa.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, ita ce barbaɗa busasshen siminti a kan daɓe mai ruwa don ya yi sulɓi da wuri. Ranar farko yakan yi kyau ƙwarai, mai gida ya biya kuɗi yana murna. Daga baya wannan fatar ta sama sai ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Abin da ya dace shi ne a jira ruwan da ya taso ya janye, sa'an nan a shafe da cokalin ƙarfe.

Ban ruwa

Mutane da yawa suna zaton bushewa ce ke sa siminti ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti da ruwa yake haɗuwa ya zama dutse, in kuwa ruwan ya ƙafe da wuri, aikin ya tsaya ke nan. Don haka a rufe daɓe da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. A Mubi da sauran garuruwan Arewa, iskar hunturu da zafin watan Maris da Afrilu suna iya shanye ruwan sabon daɓe cikin sa'o'i kaɗan, sai a ƙara lura a waɗannan lokatai. Kankare yana kai ƙarfin da ake buƙata ne bayan kwana 28, kuma sai a lokacin ya kamata a kawo injin guga.

Guga

Waɗanda suka san tarazo na makarantu da asibitocin shekarun 1970 sun san aikin. Inji ne mai faifai yana juyawa, an dasa masa ƙwayoyin daimon. Ana farawa da faifai mai kaushi, lamba 30 ko 50, ya cinye tudu da kwari. Sa'an nan a bi da 100, 200, 400, kowanne yana share zanen da na baya ya bari. Wanda ya tsallake lamba don sauri, zanen zai fito fili ranar da haske ya bugi daɓen. A tsakiyar aikin ana shafa wani ruwan magani mai shiga cikin siminti ya toshe ramukansa ya ƙara masa tauri. Lamba 400 ta ishi ɗakin kwana da sito. Kanti ko ofis mai son ƙyalli kamar madubi sai ya kai 1500 ko 3000. Makewayi da madafa kuwa kada a kai su can, gama daɓe mai sulɓi in ya jiƙe yana kā da mutum, balle tsofaffi da mata masu ciki.

Lafiyar ma'aikaci

Ƙurar da guga ke tayarwa garin yashi ce mai laushi ƙwarai. In ta shiga huhu ba ta fita, kuma bayan shekaru takan jawo tari da sarƙewar numfashi waɗanda ba su da magani. Ɗaura ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare ta. A yi guga da ruwa, ko da injin da ke zuƙe ƙura, a kuma sa abin rufe hanci na ainihi. Tun da ga ruwa ga lantarki, a ɗage wayoyi daga ƙasa, a sa takalmin roba. Ɗanyen siminti yana ƙona fata, a wanke hannu da ƙafa nan da nan. Taɓon guga kuma kada a tura shi kwata, yakan daskare ya toshe ta.

Bayan an gama, shara da goge-goge da ruwan sabulu kaɗan sun isa. Ruwan batir, da ruwan lemon tsami, da magungunan wanke masai masu ƙarfi duk suna cin siminti su dusashe shi. Manja ko baƙin mai in ya zube, a share shi kafin ya nutse. A bakin ƙofar kanti a ajiye abin goge ƙafa, domin yashin da takalma ke shigowa da shi shi ne ke fara kashe sheƙin.