Targaɗen Ƙafa a Wajen Masu Rawa: Yadda Ake Jinya Har a Koma Fage

Idan a gidanku akwai ɗan koroso, ko mai rawar kalangu a gidajen biki, kun san ƙafarsa ita ce jarinsa. Da kaka ta yi, bukukuwa sukan yawaita daga Kano har Maraɗi, kuma a lokacin ne muka fi ganin targaɗe. Yawanci mutum ya yi tsalle ne ya dira a gefen ƙafa, tafin ya karkata ciki, jijiyoyin da ke riƙe da idon sawu ta waje su miƙe fiye da kima ko su yage.

Da farko ku tabbatar ba karaya ba ce. In ya kasa yin taku 4, ko ƙashin kansa ke zafi in an danna, ko ƙafar ta karkace, ku kai shi asibiti a ɗauki hoto.

In targaɗe ne, kwana 2 zuwa 3 na farko na hutu ne. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. In babu, ruwan randa ma ya taimaka. A ɗaure da bandeji ba matsewa, in ya kwanta a ɗora ƙafar bisa matashi. A waɗannan kwanaki kada a gasa da ruwan zafi, kada a ja ko a murza, domin kumburi yake ƙarawa. Idan an yi ɗori kuka ga yatsu sun yi sanyi, sun mutu ko sun fara duhu, ku kwance nan take ku nufi asibiti. Ɗaurin da ya matse yakan tare jini har a rasa ƙafa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan kumburi ya sauka. Mai biki ya ba da kuɗin kafin alƙalami, abokan rawa suna jira, sai a sha Tramol a shiga fage. Ƙwayar tana rufe zafi ne kawai, jijiyar tana nan da rauninta, kuma ƙafar da ta taɓa targaɗewa ta fi saurin sake yi in ba a ƙarfafa ta ba. A ganina wannan gaggawa ta fi raunin farko ɓarna.

Abin da ke dawo da ƙarfi shi ne motsa gaɓar sannu a hankali, aikin da ake kira gashin ƙashi ko fisiyo a Najeriya, a Nijar kuma kine. Da zafi ya lafa, ya zauna ya riƙa zana haruffa a iska da babban yatsan ƙafa. Ya zagaya gyale ta tafin ƙafar ya ja zuwa jikinsa na daƙiƙa 30, don agara ta saki. In ya iya tsayuwa, ya dafa bango ya ɗaga dunduniya sau 10 zuwa 15. Daga nan sai tsayuwa kan ƙafar mai ciwo ita kaɗai, har ya kai daƙiƙa 30, sannan ya gwada da ido a rufe. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne amfani ga ɗan rawa, domin rauni yakan dusashe yadda gaɓa ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, kuma atisaye ne ke farfaɗo da shi. Ɗan jin tsami ba laifi. Zafi mai suka ko sabon kumburi na nufin a rage.

Ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako 1 zuwa 3, mai tsanani kuwa mako 6 ko watanni. Kada ya koma fage sai ya iya ɗan gudu da tsalle kan ƙafar ita kaɗai ba zafi, kuma ya fara da rawa marar tsalle. In mako 6 ya wuce ƙafar tana ci gaba da turguɗewa, ku nemi sashen gashin ƙashi a babban asibitin da ke kusa da ku, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.