Inna Ciroma da kashi 35 da har yau ke jiran doka

Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, jihar Borno ta yi babban zaɓe sau bakwai, kuma duk sanatan da ta aika Abuja namiji ne. Amma 'yar wannan jiha ce ke riƙe da Ma'aikatar Harkokin Mata a lokacin da gwamnatin tarayya ta rubuta alƙawarin bai wa mata kashi 35 cikin ɗari na muƙaman zaɓe da na naɗi. Ita ce Hajiya Inna Maryam Ciroma. Tarihinta ya nuna nisan da mace 'yar Arewa za ta iya kaiwa a gwamnati, ya kuma nuna inda ƙarfin takardar manufa ke tsayawa matuƙar ba ta zama doka ba.

An haife ta a Borno a watan Satumba na 1948, a zamanin da 'yan matan lardin da ke wuce firamare ba su da yawa. Tana da shekara 18 aka kafa Jihar Arewa maso Gabas, Maiduguri ta zama hedikwatarta, a 1967. Shekarar da ta fi tasiri ga tsararrakinta kuwa ita ce 1976. A cikinta aka ƙirƙiro jihar Borno, a cikinta kuma matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, bayan takwarorinsu na Kudu sun daɗe suna yi tun shekarun 1950. Ke nan Inna ta kai shekara 28 a duniya kafin doka ta yarda ta zaɓi ko da kansila.

Shekara biyu bayan haka, a 1978, ta kammala digiri a fannin kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya ta ƙara da babbar difloma a fannin gudanar da mulki. Ta fara aiki a ɗakin labarai na gidan talabijin na NTA Kaduna, sannan ta shiga aikin gwamnatin tarayya, inda ta zauna har ta yi ritaya. Wannan zango ne aka fi tsallakewa idan ana ba da labarinta, alhali a nan ma'aikaci ke sanin yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur, da yadda ake shirya takardar da za a kai gaban majalisar zartarwa, da kuma dalilin da ke sa wata takardar ta kwana shekaru a cikin durowa.

Sunan gidan da ta yi aure ma ba ƙarami ba ne. Maigidanta, marigayi Malam Adamu Ciroma, Dallatun Fika, ya yi editan jaridar New Nigerian, ya yi gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 1975 zuwa 1977, ya kuma riƙe ma'aikatar kuɗi daga 1999 zuwa 2003. Ya rasu a watan Yulin 2018. Akwai masu ganin wannan suna ne ya share mata hanya, kuma babu mai musun cewa a siyasar ƙasar nan sunan gida yana buɗe ƙofa. Sai dai wanda aka buɗe wa ƙofa, da abin da ya yi bayan shigarsa ake auna shi.

A watan Yulin 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya naɗa ta ministar harkokin mata, ta gaji Rita Akpan. Ma'aikatar a lokacin shekararta goma kacal da kafuwa, domin a 1995 aka ɗaga tsohuwar Hukumar Mata ta Ƙasa ta zama ma'aikata, shekarar da aka yi babban taron mata na duniya a Beijin. Babban aikin da aka fi danganta zamaninta da shi shi ne Manufar Jinsi ta Ƙasa ta 2006, wadda ta maye gurbin manufar mata ta shekarar 2000. A cikinta aka sa adadin kashi 35, aka kuma ɗiba wa ƙasar wa'adin 2015 ta cim masa. Ta bar ofis a 2007, lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa majalisar ministocinsa, Saudatu Bungudu ta karɓe ta.

Daga nan ta koma ɓangaren jam'iyya. A 2008 ta zama shugabar mata ta ƙasa ta jam'iyyar PDP, ta riƙe kujerar har 2012. A cikin wannan wa'adi ne, bayan zaɓen 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa mata 13 a majalisar ministocinsa, kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda ya kusanci adadin da takardar 2006 ta nema. A 2013 kuma aka ba ta shugabancin hukumar NIWA mai kula da hanyoyin sufurin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, aikin da ya shafi jiragen ruwa da yashe koguna, fannin da aka saba gani a hannun maza.

Abin da aka samu a 2011 ya rataya ne ga ra'ayin shugaba guda, shi ya sa da gwamnati ta sauya adadin ya koma baya. Manufa tana nuna wa gwamnati alƙibla ne kawai, babu wanda za a hukunta don ya kauce mata. Duk lokacin da aka nemi mayar da ita doka, sai ta ci karo da majalisa. A watan Maris na 2016 majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata da Sanata Biodun Olujimi ta gabatar. A ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran kundin tsarin mulki, abin da ya sa mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. A watan Afrilun wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar da kashi 35 a muƙaman naɗi. Duk da haka, da aka rantsar da majalisar dattawa ta goma a 2023, mata uku ne cikin kujeru 109, sai daga baya hukuncin kotu ya kawo ta huɗu.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga bambancin manufa da doka. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar keɓe wa mata kaso tun shekarar 2000, Senegal ta kafa ta raba daidai a 2010, Ruwanda kuwa ta sa kashi 30 a kundin tsarin mulkinta na 2003, yanzu mata sun haura rabin majalisar wakilanta.

A Maiduguri ma an ga irin wannan jinkiri. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito tun 2003, kuma bin jihohi su amince da ita yana cikin ayyukan ma'aikatar da Inna Ciroma ta riƙe. Sai a farkon 2022 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Borno, bayan rikicin Boko Haram ya bar jihar da marayu da zawarawa masu ɗimbin yawa. A fagen zaɓe, mata irin su Asabe Vilita Bashir da Zainab Gimba sun wakilci mazaɓun Borno a majalisar wakilai, amma kujerar sanata tana nan ba a kai gare ta ba.

A majalisa ta goma an sake gabatar da ƙudurin keɓe wa mata kujeru na musamman, kuma Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, na cikin masu ɗauke da shi. Wannan al'amari ne na 'yan majalisa. Muƙaman naɗi kuwa ba sa jiran gyaran kundin tsarin mulki. Jerin sunayen shugabannin hukumomi da mambobinsu, da na jakadu da mashawarta, a ofisoshin Abuja ake tsara shi, a hannun daraktoci da manyan sakatarori da hadimai, kafin ya kai teburin mai sa hannu. A wannan mataki ne ake iya ƙirga sunayen mata a gwada su da adadin da Inna Ciroma ta bari a rubuce tun 2006, wanda wa'adin cika shi ya wuce tun 2015.